Man Al'ul na Hajiya Gaji

Ranar Arfa da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, mutanen Kademi na ta wasa wuƙaƙe da ɗaure raguna, sai aka ji salati ya tashi daga ɗakin Hajiya Gaji. Tsohuwa ce da ba a san ta da ɗaga murya ba, shi ya sa nan da nan tsakar gida ta cika.

Aka same ta zaune a bakin gado, akwatin ƙarfenta a buɗe, tana riƙe da wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba.

"An taɓa mini," ta ce. "Wannan ba nawa ba ne."

Duk garin an san labarin kwalbar, ko da yake waɗanda suka taɓa ganinta ba su da yawa. Tun tana da ƙuruciya Gaji ta bi mijinta zuwa Makka a ƙasa. Suka ratsa Barno, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Sudan kafin su tsallake teku. A Mina ta karɓi haihuwar wata mata daga ƙasar Jawa, haihuwa mai wuya, Allah ya kuɓutar da uwa da ɗa. Mijin matar bai jin Hausa, ita ba ta jin yarensu, sai ya danƙa mata kwalbar yana kuka. Man al'ul ne, turaren itace mai tsadar gaske. A hanyar dawowa mijin Gaji ya rasu, ta iso gida da ɗanta Inuwa da kwalbar ɗaure a ƙugu. Ba ta taɓa shafa ko ɗigo ba. Ta ce na likkafaninta ne. Shekara-shekara, ranar Arfa kawai take buɗewa ta shinshina, ta mayar.

Inuwa, wanda yanzu ya zama magidanci, ya karɓi kwalbar ya kai hanci.

"Inna, ai ga ƙamshi nan, har ya cika ɗaki."

"Shi ya sa na ce ba nawa ba ne. Nawa ba ya ihu."

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Ɗanladi maƙeri ne ya gyara marfin akwatin bayan ƙaramar salla, kuma kwanan nan, tunda ya fara neman aure, duk inda ya gifta sai an ji turare. Samari suka ja shi har ƙofar dagaci. Dagaci ya ce idan an gama hidimar salla za a kai shi gaban alƙali a Gaya. Amma da yake mutum ne mai tsoron alhaki, sai ya aika a kirawo Bubayero.

* * *

Bubayero Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Ajingi. Ciwon huhu ya cinye masa garke, sai ya koma bin sawun dabbobin da aka sace. An ce yana duban ƙasa ya gaya maka saniyar da ta wuce tana da ciki ko ba ta da shi. Ya iso washegarin salla da sandarsa a kafaɗa, ya zube ya yi gaisuwa, ya saurari bayani har ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, ni kofato nake bi. Turare ba shi da kofato."

"Wanda ya ɗauka yana da ƙafa," in ji dagaci. "Je ka duba."

Ya fara da akwatin. Ya juya kwaɗon a hannu, ya duba bakinsa a hasken ƙofa. Babu ƙarzuwa, babu alamar an zura waya.

"Hajiya, ina mabuɗi yake kwana?"

Ta daki ƙugunta. "Nan. Ba na kwance shi sai zan shiga wanka."

"Wa ke shigo miki ɗaki?"

"Duk wanda ya zo gaishe ni. Rabin gari ke nan."

"Akwai wanda ya taɓa neman ki sayar masa?"

Inuwa ne ya karɓe daga bakin ƙofa. "Akwai. Alhaji Abdulsalam mai turare na kasuwar Ajingi. Ya yi ta zarya a gidan nan, Inna tana korarsa. Kuma a wurinsa Ɗanladi yake sayen turare. Ai magana ta fito. Shi ya turo shi."

Bubayero ya ajiye kwaɗon. Matar Inuwa, Hure, ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta gaishe shi da muryar da ba ta fita sosai. Hajiya ta ce a yi mata haƙuri, ba ta daɗe da dawowa daga zaman makokin mahaifinta a Balan ba. Ya yi mata ta'aziyya, ya sha ruwa, ya nemi a ba shi kwalbar da 'yar jakar fatar da take zama a ciki.

Hajiya ta miƙa masa, amma ba ta saki da wuri ba.

"Ɗan Fulani, ƙafafuna sun fara kumbura. Ni na san abin da hakan ke nufi. Ka nemo mini shi tun ina iya ganewa."

* * *

Ɗanladi na zaune a zauren dagaci, ya haɗa kai da gwiwa. Ko naman salla da aka ajiye masa bai taɓa ba.

"Baba Bubayero, wallahi a gabanta na yi aikin nan. Ta kwashe kayanta duka ta zauna a kansu kafin ta bar ni na taɓa akwati."

"Ina turarenka?"

Ya zaro wata kwalba daga aljihu. Bubayero ya shinshina ta, ya shinshina ta Hajiya. Ƙamshin iri ɗaya ne sak. Dogarin da ke tsaye ya tafa hannu.

"Ka gani ko? Shi ke nan!"

Bubayero ya matsa kusa da dogarin, ya ja numfashi a kafaɗar rigarsa.

"Kai ma shi ka shafa."

Dogari ya yi tsuru-tsuru. Ɗanladi ya ce, "Turaren kanti ne, Baba. Da salla babu gidan da ba a saya ba." Ya ɗago ya dubi Bubayero. "Iyayen yarinyar sun aiko a dakata da maganar. In aka kai ni Gaya, ko an sake ni, sunan ɓarawo ya zauna."

* * *

Ranar kasuwar Ajingi Bubayero ya yi sammako. Rumfar Alhaji Abdulsalam na can bayan 'yan gyaɗa, ƙarama ce, kwalabe jere har rufi. Alhajin Babarbare ne mai zane a fuska, kuma da wasa tsakanin Barebari da Fulani, don haka tun daga nesa ya fara.

"A'a! Bawana ya tuna da ubangidansa. Ina nonon da ka kawo mini?"

"Bawa ya samu rumfa ya manta asali. Yau ba wasa ya kawo ni ba, Alhaji. Ana zarginka a Kademi."

Ya ajiye kwalbar. Dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya gane ta.

"Ta rasu ne?"

"Tana nan. Buɗe ka ji."

Alhaji ya cire murfin, bai ma kai hanci ba ya ɓata fuska. Ya karkata kwalbar, man ya gangaro da gudu. Ya ɗiga a farar takarda, maiƙo ya bazu ya yi da'ira. Ya taɓa da harshe ya tofar.

"Man gyaɗa ne. An ƙona shi a kasko don ya yi duhu, aka zuba turaren kanti. Kuma sabo ne, bai fara tsami ba, aikin bai wuce 'yan makonni ba." Ya dubi Bubayero da jajayen idanu. "Ni ake zargi da wannan? Da ni na yi, sai ta shekara ba ta gane ba. Wanda ya haɗa wannan ya san murhu, bai san turare ba."

"To na gaskiyar yaya yake?"

Alhaji ya ɗauki 'yar jakar fatar, ya cusa hanci a ciki, ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har Bubayero ya zaci ya manta da shi.

"Ga ragowarsa nan a jikin fata. Allahu Akbar. Na roƙi matar nan har na gaji." Ya ajiye jakar a hankali. "Wata bishiya ce a can gabas, bayan Hindu. In tana da lafiya itacenta fari ne, ba ya ƙamshin komai. Sai ta ji ciwo, ciwon ya ruɓa, sannan take tara wani baƙin danƙo a wurin don ta warkar da kanta. Shekaru take yi tana tarawa. Shi ake dafawa a tace. A daji guda sai a sami bishiya ɗaya mai shi, wani dajin ma babu."

Ya waiga hagu da dama, ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da wata kwalba da ta fi ta Hajiya ƙanƙanta. Ya kifa ta. Abin da ke ciki bai motsa ba sai can, ya fara saukowa kamar zumar da ta ji sanyi.

"Wannan bai kai nata ba, amma danginsu ɗaya. Kawo hannu. Ko sarki ban taɓa yi wa haka kyauta ba, sai ga shi zan yi wa bawa."

Ya tsoma tsinke, ya goga masa a tsintsiyar hannu. Bubayero ya shinshina, ya ja da baya har ya ture wani kwando.

"Kai, Alhaji! Wannan ai warin turke ne da ɗanyen ƙirgi!"

Alhaji ya yi dariya har da hawaye. "Haka yake sallama. Na jabu da zaƙi yake tarbarka, kafin ka kai gida ya mutu. Na gaskiya da wari yake farawa. Tafi abinka, kada ka goge. Ka bar rana ta duba shi."

* * *

Bubayero ya kama hanyar Kademi a ƙasa, yana jin haushin kansa. Ya san lokacin da aka yi satar, ya san mai girki ne ya haɗa na jabun, amma a Kademi wane gida ne babu murhu?

Rana ta take. Yana tafe cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa, sai ya ji wani abu ya bugi hancinsa. Ya tsaya ya duba ko'ina, babu kowa, babu bishiya mai fure. Ya ɗaga hannu. Warin ƙirgin nan ya janye, wani abu ya fito daga ƙarƙashinsa kamar hayaƙin itace mai daɗi da aka hura a nesa. Ya ci gaba. Can gaba ya sake shinshinawa, sai ya ji ƙasa ce da ruwan farko ya taɓa. Bayan wannan kuma wani zaƙi mai nauyi ya biyo, ba na fure ba, ba na zuma ba, wanda bai san sunansa ba a Hausa ko a Fulatanci.

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duban ƙasa, ranar nan ya yi tafiya mai nisa hannunsa a hanci. Ya tuna mahaifiyarsa tana kaɗa nono da asuba, abin da ya yi shekara da shekaru bai tuna ba. Ya kama kansa yana tasbihi ba tare da ya yi niyya ba. Ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ne yake ta buɗewa haka, ƙofa bayan ƙofa.

La'asar ta riske shi a Balan. Ya ratse masallaci, ya yi alwala yana jin takaicin ruwan da zai wanke hannun. Da aka idar ya fito ta gefen da ake jingine makara, sai ƙamshin ya tare shi, wannan na ƙarshen, mai nauyin, amma ya fi na hannunsa zurfi nesa ba kusa ba.

Wasu baƙi biyu na tsaye a jikin makarar, suna shafa gwangwalar da aka yi ta da ita suna shafawa a fuska.

Limamin garin, Malam Hadi, ya ga yadda ya tsaya cak, ya yi murmushi.

"Kai ma labari ya kawo ka?"

"Wane labari, Allah gafarta malam?"

"Na Bala majemi." Liman ya gyara zama a kan buzu. "Mutumin nan tun yana yaro yake jima. Warin fata ya shiga jikinsa, ba sabulun da ke fitarwa. Ba zan ɓoye maka ba, a sahu mutane matsawa suke yi. Shi da kansa ya koma tsayawa a ƙarshen sahun baya, kusa da takalma. Da ya rasu muka yi masa sutura, muka ɗora a makarar nan. Wari ya tashi daga likkafanin, na ƙirgi, har wasu suka toshe hanci da rawani. Na ji wani yana cewa har kabari abin zai bi shi."

Liman ya ci gaba.

"Rana ce mai zafi, maƙabarta kuma da nisa. Muna cikin tafiya sai warin ya fara juyawa. Na zaci ni kaɗai nake ji, sai na ga na kusa da ni ya sauke rawani daga hanci. Kafin mu kai, ƙamshi ya lulluɓe mu gaba ɗaya, irin wanda ba mu taɓa ji ba. Waɗanda ke gudun makarar suka dawo suna rububin kama ta. Manyan mutane suna kuka a fili. Ni da na yi shekaru ina kallo ana matsa masa ban tsawatar ba, kunya ta rufe ni."

Bubayero ya matso kusa da liman. Ya san amsar, amma ya tambaya.

"Wa ya kawo yadin likkafanin?"

"'Yarsa da ke aure a Kademi. Hure. Tun yana jinya ta zo da shi, a naɗe tam cikin fata."

Bubayero ya daɗe yana duban makarar. Ya kama ɓarayi da yawa, kullum da daɗi a ransa. Yau ji ya yi kamar ya taka abin da bai kamata a taka ba. Amma akwai maƙeri zaune a zauren dagaci, akwai tsohuwa mai kumburin ƙafa. Ya roƙi liman guntun igiyar kabar da aka ɗaure makarar da ita, ya kuma roƙe shi ya zo Kademi gobe.

* * *

Aka taru a tsakar gidan Hajiya Gaji da hantsi. Dagaci na kan kujera, Malam Hadi a gefensa. Ɗanladi na tsugune tsakanin dogarai. Alhaji Abdulsalam ya zo a kan kekensa yana huci, ya ce sai an wanke sunansa. Inuwa na tsaye. Mata na bakin ɗakin girki, Hure a bayansu. Maƙwabta sun cika zaure har waje.

Bubayero ya ce, "Kwaɗo ba a fasa shi ba, da mabuɗinsa aka buɗe. Maƙeri ba ya shiga inda Hajiya ke wanka. Alhaji kuma da shi ne, ba zai zuba man gyaɗa ba. A saki Ɗanladi."

Surutu ya tashi. Inuwa ya ce, "To wa ye? Kuma ina man?"

Bubayero ya kwance wani ganye, ya fito da guntun igiyar, ya ɗora a kan dutsen niƙa da rana ta gasa. Ya koma gefe ya tsuguna. Mutane suka yi ta kallonsa suna kallon igiya. Har wani ya fara dariya.

Hajiya ce ta fara ɗaga kai. Hancinta ya buɗe. Ta miƙa hannu, aka ba ta igiyar, ta riƙe da hannu biyu.

"Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Ina ka samo shi?"

"A jikin makarar Balan. Wadda aka ɗauki Bala majemi."

 Matan da ke bakin ɗakin girki suka dare, aka bar Hure ita kaɗai. Ba ta gudu ba, ba ta musa ba. Ta tako ta durƙusa a gaban surukarta.

"Ni ce, Inna. Ranar da na kai miki ruwan wanka na ɗauki mabuɗin."

Inuwa ya yi kanta. "Ke! A gidana? Ki tattara kayanki yau ɗin nan..."

"Inuwa, ban mutu ba tukuna," in ji Hajiya. Ya tsaya. "Faɗi, Hure."

"Da ciwo ya yi tsanani na je duba shi. Ya ce mini shi ba mutuwa yake tsoro ba. Ya ce, 'Hure, mutane sun yi haƙuri da ni, amma ina jin kunyar mala'iku. Da wannan warin zan tarbe su?' Yana faɗa yana dariya, amma na san ba wasa yake ba." Ta share fuska da gefen zane. "Na yi niyyar ɗigo ɗaya. Da na zuba a yadin likkafaninsa sai na ji wari, irin na gidanmu. Na zaci ya lalace ne don daɗewa. Na ƙara ko zan kai ga mai kyaun a ƙasa, na ƙara, har ya ƙare. Na yi kuka, na ce na yi sata a banza, na cika kwalbar da man gyaɗa da turaren kanti na mayar. Sai da maza suka dawo daga maƙabarta suna salati na san abin da na ɗauka."

Alhaji Abdulsalam ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Hajiya ta ce, "Kin cuce ni, Hure. Na ratsa duniya da abin nan a ƙuguna. Na binne mijina a ƙasar mutane ban buɗe masa ba, don rowa. Kin kuma zauna kina kallo za a kai bawan Allah Gaya. Me ya hana ki roƙe ni?"

"Da na roƙa za ki ba ni, Inna?"

Tsohuwar ta girgiza kai.

"A'a," ta ce. "Ba zan ba ki ba."

Ta juya ga Malam Hadi. "Malam, an ce kai ka yi masa salla. Faɗa mini yadda aka yi. Kada ka tsallake komai."

Liman ya faɗa, tun daga toshe hanci har rububin makara. Hajiya ta saurara ido a rufe, igiyar na manne da hancinta. Da ya gama, sai ya sunkuyar da kai.

"Yanzu ban san abin da zan gaya wa mutanena ba. Mun ɗauka daga sama abin ya sauko."

"To daga ina ya sauko?" in ji Hajiya. "Ni na san bishiyar? Na san matar Jawa za ta yi naƙuda a gefena? Ashe duk wahalar nan 'yar aike aka yi da ni, ban san gidan da aka aike ni ba." Ta buɗe ido. "Ranka ya daɗe, na janye ƙarata. Inuwa, kai za ka je gidan su yarinyar nan da kanka, ka gaya musu Ɗanladi ba ɓarawo ba ne. Hure kuma ta nemi gafararsa a gaban mutanen da suka ja shi. Tsakanina da ita, wannan namu ne. Zuciyata ba ta huce ba, kada wanda ya ce ta huce. Amma ba inda za ta."

Ɗanladi ya fashe da kuka kamar yaro. Dagaci ya miƙe, taro ya fara watsewa, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Hajiya ta yafito Malam Hadi.

"Makarar nan taku, ana ba da aronta?"

* * *

Hajiya Gaji ba ta ga ƙarshen damina ba. Gero ya kai gwiwa, da wata safiya mai hadari Allah ya karɓi abarsa. Hure ce ta yi jinyarta har ƙarshe, ita ce kuma ta zuba ruwa da aka yi mata wanka.

Mutanen Balan suka ɗauko makarar a ka, tun daga garinsu har Kademi. Bubayero ya ji labari ya zo. Da aka jingine ta a zaure ya faki ido ya kai hanci. Watanni sun shuɗe, ta ɗauki gawawwaki da dama tun daga lokacin. Bai ji komai ba sai busasshiyar gwangwala. Ransa ya ɓaci, ya yi shiru da bakinsa.

Aka yi salla, aka ɗauka. Shi ya kama gaba ta hagu, Ɗanladi na bayansa, Inuwa a ɗaya gefen. Sun fita gari ke nan aka fara yayyafi, siriri, mai ɗumi. Ruwa ya jiƙa rawuna, ya jiƙa itacen da ke kafaɗarsu.

Wajen tsakiyar gonaki Bubayero ya ji ƙamshin. Kaɗan ne ƙwarai, daga cikin jiƙaƙƙen itacen yake fitowa, dab da kuncinsa. Ya zaci zuciyarsa ce ke yi masa gizo. Sai ya ji Ɗanladi ya ja dogon numfashi a bayansa. Ya saci kallon Inuwa, ya ga ruwa na gangara a fuskarsa wanda ba na sama kaɗai ba ne.

 Masu jiran karɓa suka matso, amma na ƙarƙashin makarar ba wanda ya yarda ya saki. Suka rage sauri, suka bi ta tsakiyar geron a hankali har bakin kabari.